Kunun Mama Da Ban Taɓa Sha Ba

Anti Damaris, don girman Allah ki taimake ni, kuma ki yi da wuri, domin farin ciki yana neman ya kwantar da ni a gadon asibiti. Ina rubuto miki wannan ne ina dariya ni kaɗai, har yayata ta leƙo ta ga ko na zare. Aure zan yi, Anti! Ni ɗin nan da a wani lokaci 'yan'uwana mawaƙan coci suka fara zuwa duba ni suna tambayata a fakaice wace waƙa na fi so, wai hira ce kawai. Na san waƙar jana'iza suke nema. To ga shi ta biki za su rera, kuma ni zan zaɓa.

Bari in fara daga ciwon, don sai kin san shi za ki gane inda na maƙale. Shekarun baya hanjina ya murɗe. Kafin a shiga da ni tiyata mafi yawansa ya mutu, aka yanke. Ɗan guntun da ya rage ba ya iya tsotse ruwa da abinci yadda jiki yake so. Likitoci suna kiransa gazawar hanji, kuma nawa ba mai tafiya ba ne, zama muke yi tare. An fito da bakin hanjin ta gefen cikina, ina manna leda a wurin, duk abin da na ci nan yake sauka. A ƙirjina kuma akwai siririn bututu da ake ɗura mini ruwa da abinci ta jijiya, wasu ranaku a cikin mako. In na sa riga mai faɗi babu mai ganewa. Ina kitso a ƙofar gidanmu a Makera, matan da suke sa kai a cinyata ma yawancinsu ba su sani ba.

Ga abin da babu mai yarda da shi in na faɗa: ruwan sha ƙishirwa yake ƙara mini. In na kwankwaɗi ruwa, ko lemo, ko zoɓo, ko kunu, wucewa yake yi a guje, ya kwashe gishirin jikina ya fita da shi. Leda ta cika, jiri ya ɗebe ni, idona ya faɗa, sai asibiti. Abin shana shi ne ruwan gishiri da sukari da aka auna mini, kurɓi-kurɓi, ɗanɗanonsa kamar gumi. Ganye da wake da gyaɗa mun yi ban-kwana. Farar shinkafa, ƙwai, kifi, dankalin turawa, da gishiri a kai, kaɗan-kaɗan, su ne abokaina. Da farko babu wanda ya zaunar da ni ya yi mini wannan bayani. Kowa cewa yake in sha ruwa da yawa, ni kuma in yi ta sha, in yi ta komawa asibiti, har na zama kamar tsintsiya. Sai da aka haɗa ni da wani likita da mai tsara abinci da wata nas, Sista Blessing, sannan na san inda na dosa. Sista Blessing ce ta koya mana, ni da yayata, yadda ake wanke hannu da yadda ake haɗa bututun a gida. Matar nan ta iya faɗa, amma in na ji muryarta a waya hankalina kwanciya yake yi.

Yauwa, yanzu sai Jethro. Anti, ko sunan na rubuta sai na yi murmushi. Gyaran janareta yake yi a Kakuri. Ledojin abincina na jijiya a firij suke zama, in aka ɗauke wuta ta daɗe gabana faɗuwa yake yi, shi ya sa janaretanmu ya fi ni samun kulawa. Ranar da ya lalace aka kira Jethro. Ya gama aiki gumi na zuba, na ce ya buɗe firij ya ɗauki ruwa, na manta da abin da ke ciki. Ya buɗe ya ga fararen ledoji a jere, ya tambaya ko nono muke sayarwa. Ban san abin da ya hau kaina ba, na faɗa masa komai, har leda, har bututu. Na jira ya tattara kayan aikinsa ya gudu. Bawan Allahn nan sai ya koma ya sake kwance janaretan da ya gama ɗaurawa, wai bai yarda da aikinsa na farko ba. Daga ranar janaretanmu ya kamu da wata irin cuta, kusan kullum sai Jethro ya zo duba shi, ko da wuta ko babu. Yayata ce ta fara cewa injin nan lafiyarsa ƙalau, mai gyaran ne ba shi da lafiya.

To shi ya san komai, kuma ya ce ya ji ya gani. Matsalar Mamansa ce, ko in ce Mamanmu. Mama tana sayar da kunu da gwate a kasuwar Sabon Tasha, kuma duk wanda ya san wajen ya san hannunta. Mace ce da ba ta iya cewa tana son mutum da baki, sai da ludayi. Ranar da Jethro ya fara kai ni gaishe ta a rumfa, ta dube ni sama da ƙasa, ta ja shi gefe ta tambaye shi me ya sa yarinyar nan ta bushe haka, me ya sa kuma ta ƙi karɓar ko ruwa. Jethro, namijin da ba ya tsoron wayar wuta, ya rikice ya ce ulsa gare ni. Kin san mu, duk abin da ya taɓa ciki ulsa ne. Mama ta yi guɗa a tsakiyar kasuwa, ta ce indai ulsa ce an zo gidan magani.

Tun daga lokacin, kowace safiya Jethro yana biyowa da katon flas a kan babur, cike da kunun gyaɗa da madara, Mama ta dama da hannunta, ba na sayarwa ba. Wato duk abin da aka hana ni an tara shi wuri ɗaya, an sa masa murfi. In zubar ba zan iya ba, alhaki ne. Yayata ba ta shan gyaɗa. Sai na fara miƙa wa maigidan da muke haya, Baba Callistus, tsohon makanike da ya ajiye aiki. In ya shanye in wanke flas, Jethro ya mayar da yamma. Anti, ki zo ki ga Baba Callistus yanzu! Wuya ya yi kauri, kumatu sun fito, wandon cocinsa ya ƙi shiga. Da ya ji ƙarar babur ɗin Jethro sai ya fito da kofinsa ya zauna a benci, yana gaishe ni da wata irin ladabi. Matarsa har godiya ta zo ta yi mini, ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin fatarsa tana sheƙi haka ba.

Ana cikin haka sai aka gyara mini ma'aunin abincin jijiya a asibiti, ni ma na fara cika. Mama ta ga kumatuna, ta ga flas yana dawowa a wanke, ta haɗa lissafinta. Ta miƙe a taron zumuntar mata na coci ta ba da shaida cewa Allah ya warkar da matar ɗanta ta hanyar kununta. Aka yi tafi, aka yi waƙa. Yanzu mata masu ciwon ciki har daga Unguwar Mu'azu suna zuwa neman kunun da ya tayar da amarya. Da Jethro ya ba ni labari na yi dariya har sai da na riƙe leda, daga baya kuma na zauna na yi tagumi.

Ga inda abin ya tsaya. A gidan su Jethro akwai wata al'ada tasu. Ranar da aka kawo yarinya gaban dangi, uwar miji tana cika wani tsohon kofin silba da ta gada daga tata surukar, ta miƙa wa yarinyar kunu, ita kuma ta durƙusa ta shanye tas, ta kife kofin kowa ya gani. Daga nan ta zama 'yar gida, sai a kawo gwate da yakuwa da wake. Matan yayyensa duk sun sha. An sa tawa ranar, Lahadin ƙarshen watan nan, dangi za su zo har daga ƙauye. Mama ta ce tunda ni na fi kowa son kununta, nawa har baki za ta cika.

Kowa ya kawo dabara. Jethro ya ce zai yi kamar ya yi tuntuɓe ya ture kofin. Baba Callistus ya ce a tafi da shi a matsayin kawuna, ya sha a madadina, wai ya saba. Ni kuma, kada in ɓoye miki, tunanin da ya fi zama a raina shi ne in rufe ido in shanye, in ci gwaten, in yi rawa, in an watse Jethro ya wuce da ni asibiti. Rana ɗaya ce ai. Yayata ta ce in na yi haka ita za ta kira Sista Blessing da kanta ta kai ƙarata.

Anti, ba Jethro nake tsoron rasawa ba. Mama ce. Tawa uwar ta rasu ina kwance bayan tiyata, ko jana'izarta ban je ba. Mama tana kama kumatuna da hannu biyu ta ce mini 'yata, a gaban kowa. Kowace safiya kafin in miƙa wa Baba Callistus flas ɗin, sai na buɗe na shaƙi ƙamshin, in ji kamar akwai wadda ta tashi da ni a ranta. Ina tsoron ranar da za ta san akwai leda a ƙarƙashin rigata, ta san ko sau ɗaya ban taɓa sha ba, ta tambayi zancen jikoki. Likita ya ce haihuwa ba a rufe mini ƙofarta ba, amma sai da shiri da sa ido sosai, ba zai yi mini alkawari ba. In ta janye hannunta daga fuskata ban san yadda zan yi ba.

Ga shi na fara da dariya na ƙare da hawaye, kuma telana ya turo hoton ɗinkin bikina yanzun nan, ya yi kyau har na sake yin ihu. Ki faɗa mini, Anti, in sha ko kada in sha?

Taki,
Amarya mai ƙishirwa, Makera

*

Amaryarmu,

Barka, barka, Allah ya sanya albarka. Na yi dariyar Baba Callistus har aka tambaye ni ko lafiya, kuma na ji ina son Jethro ɗin nan da janaretansa marar lafiya. To yanzu share hawayen ki saurare ni.

Kada ki sha. Ko rabi kada ki sha don ki faranta wa wani. Na tuntuɓi wata likita da na yarda da ita kafin in ba ki amsa, ta ce ga mai guntun hanji da leda irin taki, kofin kunu har baki da gwaten ganye ba abin wasa ba ne, yana iya busar da jiki har ya taɓa ƙoda. Masu kula da ke sun fi ni da ita sanin jikinki, kuma sun riga sun faɗa miki. Kin sha wahala kafin ki samu kumatun nan. Ki kuma tuna, in kin sha na ranar, akwai na biki, akwai na Kirsimeti, akwai na kowace ziyara har ƙarshen zama. Ba rana ɗaya ba ce.

Amma ki dubi ɓangaren Mama da kyau. Ba ta yi miki laifin komai ba. An ba ta sunan ciwon da ba shi ba, ta yi maganin da ta sani da dukan zuciyarta, har ta tsaya gaban mata ta ba da shaida. Ina ganin ba ledar ce za ta fi yi mata zafi ba. Kunya ce, da jin cewa kowa ya sani ban da ita, har maigidan haya. Saboda haka wannan magana ba ta ranar taro ba ce, ba ta rumfar kasuwa ba ce. Ku same ta a gida cikin makon nan, lokacin da ta huta, ku uku kawai. Ke ma ban ɗauke ki maƙaryaciya ba, tsoro ne irin na wadda ta taɓa rasa uwa. Sai dai kowane flas da ya koma a wanke yana ƙara wa maganar nauyi.

Jethro ne zai fara buɗe baki, don shi ya ce ulsa. Ya bar zancen tuntuɓe. Namijin da zai zauna da ke zai gamu da ranakun da zazzaɓi zai tashi, ko leda ta ɓalle a inda ba a so, ko dangi su yi tambaya mai ciwo. In bai iya cewa uwarsa ya yi kuskure ba, gara ki sani tun yanzu. Ina kyautata masa zato, mutumin da ya ga firij ɗinki bai gudu ba zai iya wannan. Bayan ya gama, ke ki faɗi naki kamar yadda kika faɗa mini, har da shaƙar ƙamshin nan na safe. Kada ki bar wannan, shi ne gaskiyar da ta fi kowace girma.

Ba zan yi miki alkawarin za ta yi guɗa nan take ba. Tana iya yin shiru, tana iya fushi, tana iya tambayar jikoki, kuma tana da damar tambaya. Ki ba ta amsar likita yadda take, kada ki ƙara kada ki rage. In ta nemi lokaci a ba ta, ko da za a ɗaga ranar. In kuma ta juya baya gaba ɗaya, zai yi zafi ƙwarai, amma son da sai kin kwanta asibiti za ki riƙe shi ba zai daɗe a hannunki ba ko yaya kika yi. Zancen shaidar da ta bayar ki bar mata, ita ta san yadda za ta gyara da matan zumunta, kuma ya kamata masu zuwa neman kunun magani su ji cewa asibiti za su nufa.

Ga abin da na fi so ki riƙe. Mace irin Mama ba a karɓe mata ludayi a bar ta hannu sake. In kin ce mata kada ta kawo kunu, a take ki faɗa mata abin da za ta kawo. Ki nemi Sista Blessing ta ba ku lokaci, ki tafi da Mama asibiti, ta ji daga bakinsu, ta ga bututun, ta yi tambayoyinta. Su koya mata auna ruwan gishirinki, da irin girkin da cikinki yake karɓa, da wanke hannu, da alamun da in an gani ba a jira, kamar zazzaɓi da rawar ɗari ko ƙarancin fitsari. Matar da ta yi shekara da shekaru tana auna gero da gyaɗa ba za ta yi miki kuskuren gishiri ba. Kina iya samun mai tsaron lafiyarki da ta fi Sista Blessing faɗa.

Ina so ma'aikatan lafiya da ke karanta filin nan su ji wannan. Mai irin wannan ciwo a gida yake rayuwa, kuma wadda ke riƙe da tukunya tana cikin masu jinyarsa ko an kira ta ko ba a kira ta ba. Amaryarmu ta yi ta shan ruwa tana komawa asibiti don ba a zaunar da ita ba. Ku riƙa kiran mai girkin gidan, ku yi mata bayani da harshen da take ji. Ke kuma ki tambaye su ko akwai wasu masu irin ciwonki da za a haɗa ku, don wata tana can tana shan abin da kika sha a farko.

Zancen kofi, ba ke za ki canza al'adar gidansu ba, amma Mama tana iya yi, kofinta ne. Abin da dangi suke son gani shi ne ta miƙa kin karɓa. In ta ga dama ta zuba ruwan gishirinki da ta haɗa da hannunta, daidai yadda aka yarda ki sha, ki kurɓa a hankali ki kife. Ki kuma tambayi masu kula da ke ko cokali ɗaya na kunun zai yiwu. In sun amince, kada ki ɗanɗana shi a ɓoye, ki bari ita ta ba ki a baki.

Gobe in babur ya tsaya, ki ba Baba Callistus haƙuri, ya san hanyar Sabon Tasha. Ki riƙe flas ɗin a cike, da yamma in ta huta ku hau ke da Jethro ku kai mata gida. Ki sa mata shi a hannu kafin kowa ya ce komai. Ta saba karɓarsa ba nauyi, da ta ɗaga za ta san akwai magana, kuma za ta zauna ta ji.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya tausasa zuciyar Mama, ya sa hannun nan biyu su koma kan kumatunki bayan ta san komai. Ki zaɓi waƙarki mai daɗi, ki sa su rera ta da ƙarfi.

Taki,
Anti Damaris